Ƙudan da Ya Ɗauki Laifin Tsando

Da sunan wanda ya halicci giwa bai gaji ba, ya halicci ƙuda bai raina ba, ya yanka wa kowane rabonsa, ya kuma san inda kowane zai kwanta. Ku matso ku ji, ku da kuke tambayata dalilin da ya sa nake yini a bakin teku kamar mai jiran jirgi. Ni ne Cindo, mai yatsa shida a hannun dama, ma'aikacin Gidan Suna na Birnin Shirwa, a ƙasar Zangarma da ke bayan duwatsun da rana take faɗuwa a kansu. Abin da zan faɗa da idona na gan shi. Amma ba zan ce muku na ji shi a raina ba, domin a shekarar da ya faru raina ba ya tare da ni.

Gidan Suna gida ne mai zaure bayan zaure, ba a girki a cikinsa, ba a kwana. Akwatuna ne jere tun daga ƙasa har rufi, kowane akwati da jinsin halitta guda. Duk abin da ke rarrafe ko yake tashi a duniyarmu, in ba shi da akwati a gidan nan, to a wurin hukuma babu shi. Ni aikina ƙudaje. Nakan kama su, in kashe su da hayaƙin taba a cikin kwalba, in soke su da allura a kan totuwar kara, sannan in duba su da wani madubi da ke mai da ƙuda kamar ɗan tsako. Abokan aikina sukan ce yatsana na shida don riƙe allura aka yi shi, ban kuwa taɓa yi musu musu ba.

Matata Hakama 'yar Tsibirin Gumai ce, can tsakiyar Tekun Shuni. Mace ce mai yawan dariya, mai nauyin hannu wajen gishiri. Da na kai loma baki sai in ce, "Hakama, yau ma tekun garinku kika juye a tukunya?" Ita kuma ta ce, "Malam, mai ci da yatsa shida ai shi ke ɗebo gishirin da yawa." Haka muke kullum, ba ta rage ba, ban daina ci ba.

Sai ga shekarar tsando. Ƙudan nan mai cizo ya cika bakin kogunanmu, shanu suka yi ta faɗuwa da sammore, mutane kuma da ciwon barci. Hakama ta fara gyangyaɗi a bakin murhu. Daga nan ta koma barci da loma a hannu. Daga nan ba ta farka ba.

Ranar da aka rufe ta ban yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yabona wai na cika mai tawakkali, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Kun san ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ta sage, ka mintsine ta ka ji kamar ta wani ce? Haka duk jikina ya zama, har da abin da ke cikin ƙirjina. Abinci ya koma mini kamar totuwar da nake soke ƙudaje a kai. Ina ci ne kawai don an ajiye a gabana.

Sarkin ƙasarmu, Gagare, ya rasa shanu, ya rasa 'ya'ya, ya kuwa fusata. Ya yi doka: duk dajin da Gidan Suna ya ce akwai tsando a cikinsa, a ƙone shi ƙurmus. To, a cikin akwatin tsando akwai wani tsohon ƙuda da wani matuƙin jirgi ya kawo daga Gumai tun zamanin kakanni. Saboda wannan gawa guda aka lissafa Gumai cikin wuraren da za a ƙone. Gumai kuwa daji ce gaba ɗayanta, gidajen mutanenta a gindin itatuwa suke. Aka ce da damina ta ɗauke jiragen wuta za su tashi. A kasuwa har an fara cewa ai matar Cindo ce ta kawo mana ciwon daga tsibirinsu. Na ji da kunnena, na sayi albasar da na je saye, na koma gida.

Magajin Suna, wato shugaban gidanmu, wani tsoho ne ana ce masa Barmo. Ya kira ni, ya ajiye tsohon ƙudan nan a ƙarƙashin madubi.

"Cindo, mece ce shaidar tsando?"

"Gatari, ranka ya daɗe. Jijiyoyin fiffikensa suna zana gatari a tsakiya."

"Duba wannan."

Na duba. Launinsa na tsando ne, yadda ya haɗe fikafikansa kamar almakashi ma na tsando ne. Amma kansa ya karye, fiffiken kuma ya yage daidai inda gatarin zai kasance.

"Wanda ya sa shi a akwatin nan kama ya bi," in ji Barmo. "Ni hankalina bai kwanta ba. Amma ka san dokar gida. Ba a raba akwati sai da mace da namiji, cikakku, ba karyayyen kai, ba yagaggen fiffike, da shaida uku da ido zai gani. Mutanen Gumai ba sa barin baƙo ya wuce bakin gaɓa, sai suruki. Kai kaɗai ne surukinsu a garin nan. Kuma na ji ko gaisuwa ba ka je ka yi wa uwar yarinyar ba."

Na ce, "To." Da cewa ya yi in je in kunna wutar da hannuna, ina jin "to" ɗin zan ce.

Na shiga jirgin wani Jatau, mutum ja mai bakin da ba ya hutawa. Tekun Shuni kamar karofi yake, ruwansa yana rina duk abin da ya taɓa, har hannuwan Jatau sun zama baƙaƙe zuwa gwiwa. Muka wuce kifaye masu fitila a goshi, muka wuce wani dutse da ke nishi idan igiyar ruwa ta buge shi. Jatau yana nuna mini kowanne da filafili yana jiran in yi mamaki. Da ya gaji ya ce, "Malam, na taɓa ɗauko buhun gero da ya fi ka hira."

Kafin a kai Gumai sai an bi ta Mashigin Gizo. Dogayen duwatsu ne sun kewaye tsibirin kamar haƙora, tsakanin kowane biyu kuma gizo-gizo ya yi saƙa tun daga sama har kusa da ruwa, gizo-gizon kuwa kowane ya kai akuya. Matuƙa sukan kwantar da sandar jirgi su sulale ta ƙasa. Mu kuwa iskar damina ce ta rigaye mu. Kafin Jatau ya kwance igiya ta watsa mu cikin saƙa, sandar ta manne, jirgin ya tsaya cak yana girgiza. Can sama wata uwar gizo-gizo ta fara saukowa a hankali, kamar mai gida da ta san baƙi ba za su gudu ba.

Jatau ya kama salati yana haɗawa da zagin iska. Ni kuwa na san gizo-gizo, ai maƙwabcin sana'a ne, ƙuda muke nema ni da shi. Ba da ido yake farauta ba, girgiza yake bi. Na ce wa Jatau ya daina motsi. Na ɗaura igiya a salkar ruwanmu, na wurga ta can gefen saƙar, ta manne, na ba shi igiyar na ce ya riƙa fizga kamar abin da ke neman tsira. Uwar ta tsaya, ta juya, ta nufi salka. Na shafe wuƙata da hannuwana da man gyaɗa don kada su manne, na hau sandar na fara yanka.

A nan ne na ga abin da ya tsai da ni. Saƙar cike take da gawar ƙudaje. Ta fuskar ƙasarmu tsando ne birjik, kowane da gatarinsa. Ta fuskar tsibiri kuma wasu ne masu kama da su. Ba ko ɗaya da ya ƙetare daga wannan fuska zuwa waccan. Na fito da madubina ina dubawa, amma an tsotse su sun zama ɓawo, taɓawa kaɗan su ruguje.

"Kai wane irin mutum ne?" in ji Jatau daga ƙasa. "Mutuwa ta gama da salka, kai kana kallon ƙuda! Yanka, don girman Allah!"

Na yanka zaren ƙarshe, jirgin ya faɗa ruwa, muka wuce. Jatau ya yi ta kuka da dariya har muka ga gaɓa. Ni ina goge man gyaɗa daga madubina.

Itatuwan Gumai ba a ganin ƙarshensu, kawunansu cikin gajimare suke. Mutane suna zaune a tsakanin saiwoyi, suna tatsar wani ruwa mai zaƙi daga jikin itacen, suna kamun kifi, suna noman gwaza. Surukata Inna Tabawa ta tarye ni a ƙofar ɗakinta. 'Yar tsohuwa ce siririya, idonta irin na 'yarta. Na durƙusa na yi gaisuwa.

"Ya haƙuri, Inna?"

"Haƙuri sai Ma'aiki, ɗan nan. Ta sha wahala, yarinyar nan?"

"Barci ta yi, Inna."

Ta gyaɗa kai. Hakama 'yar farinta ce, don haka tun ranar suna ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Ta kawo mini kifi da gwaza a akushi, na cinye, ban ji ko ruwa aka dafa ko dutse ba. Sannan na gaya mata da dattawan tsibirin maganar wuta. Dattawa suka ce, "Ai ƙudanmu ba ya cizo, kowa ya sani." Na ce musu sarkinmu ba ya jin "kowa ya sani", akwati yake ji.

Samun mace bai yi wuya ba. Da rana ta yi zafi sukan sauka a hannun mutum su lashi gumi, mutanen tsibirin ko korarsu ba sa yi. Na kama ɗaya, na yi mata hayaƙi, na shimfiɗa fiffikenta a ƙarƙashin madubi. Ba gatari. Jijiyoyin sun tafi a miƙe har bakin fiffike. Shaida ta ɗaya ke nan. Na duba bakin. Dogo ne kamar na tsando, amma na tsando allura ne, wannan kuwa ƙarshensa laushi gare shi kamar soso, ko nunanniyar ayaba ba zai huda ba. Shaida ta biyu. Na zauna ina kallon ƙudan nan da ake shirin ƙone ƙasa guda saboda shi, na san ya kamata in yi murna ko in yi fushi, na laluba cikin ƙirjina ban sami ko ɗaya ba.

Duk wanda na kama mace ce. Da na tambaya aka ce mazan a sama suke, wajen furanni, ba sa sauka don gumin kowa. Na zuba ruwan itace a kasko na ajiye a rana, tururuwa ne kawai suka amsa gayyata. Sai na ce zan hau.

Matatsa ruwan itace suka ja ni cikin kwando har inda igiyoyinsu suka ƙare, daga nan na ci gaba da hannu da ƙafa, ragata ta kamun ƙuda a baya. Na ratsa gajimare, na fito jiƙe sharkaf, na sami kaina a wata duniya mai furanni farare kowane kamar faifai. Ga mazan nan suna rawa cikin hasken rana. Kowane yana da ƙahoni biyu a ka, masu gashi kamar na jimina, suna kaɗawa idan ya juya. Tsando ba shi da irin wannan. Shaida ta uku ce ke shawagi a gaban hancina.

Na kai raga na kamo da yawa. Na buɗe, ba ko ɗaya mai ƙaho. Ashe ƙahon ya fi toka rauni, da ya taɓa zare sai ya karye. Na sake kaiwa a hankali, duk da haka suka karye. Ina cikin ɗaga raga karo na gaba sai wani abu ja mai yauƙi ya wuce ta gefen kunnena, ya fizge ta daga hannuna. Reshen da nake tsammani reshe ne ashe hawainiya ce, girmanta ya kai bijimi. Ta tauna ragata, ta tofar, ta juyo da ido ɗaya kaina, ɗayan yana can yana kallon wani wuri.

Hawainiya ba ta harbin abin da ba ya motsi. Na tsaya. Idon nan ya yi ta zagaya ni. Ƙudaje suka sauka a goshina, gumi ya shiga idona, ban ƙifta ba. Masu jin labarin nan sukan ce na yi jarumta. Ba jarumta ba ce. Jarumi zuciyarsa na bugawa yana danne ta, ni tawa tafiya kawai take yi kamar jakin da ya san hanya. Da ina da sauran tsoro da gwiwata ta yi rawa, da kuwa ba ku ji wannan labari ba. Ta gaji ta ɗauke ni kututture, ta juya ta tafi da tafiyarta ta ƙasaita. Na sauko hannu rabbana.

A ƙasa na tarar ruwan damina ya fara ja da baya, shamuwa tana haɗa kayan tafiya. Inna Tabawa ta dubi hannuwana da suka yayyage, ta ce, "Ɗan nan, akwai abin da muke jiranka da shi tun da labari ya zo mana. Ba a fitar da ƙwaryar mace sai mijinta yana nan."

Ta bayyana mini al'adar. Idan ɗan Gumai ya rasu, tsofaffin mata sukan yi wani haɗi na ruwan itace da furen da ya faɗo daga sama, a zuba a ƙwaryar da mamacin ya sha ruwa da ita yana yaro, a ajiye a gindin itace da hantsi. Sadaka ce ga halittun Allah, ladan ya je wa mai ƙwaryar. Ƙamshin haɗin nan ne kaɗai ke sauko da mazan ƙudajen, su sha har su kasa tashi. Ba a yinsa sai don mamaci. Ƙudan da ya sauka a kan ƙwarya kuma baƙon mamaci ne, yana cikin amana. Wanda ya kashe shi, ƙafarsa ba ta sake taka tsibirin, bakin ɗan Gumai ba ya sake yi masa magana. Kuma mafi kusa da mamacin shi zai tsaya a gaɓa ya faɗi korar, ya kira sunan wanda aka ci amanarsa.

Na koma wurin dattawa na roƙi a ɗaga mini ƙafa, ƙuda guda tak. Suka saurare ni da mutunci, suka ce amana ba tasu ba ce balle su bayar, ta matattu ce. In wuta ta zo za su shiga jirage, amma ba za su ci baƙon da suka gayyata ba. Ban yi musu gardama ba. Na koma na gaya wa Inna yadda muka yi, ta ce, "Na ji," ta ci gaba da tsinke ganyen miya.

Da hantsi aka fito da ƙwaryar. 'Yar ƙarama ce, ta taɓa fashewa an ɗinke ta da zare. Mutane suka tsaya can nesa, ni da Inna kaɗai muka zauna kusa, haka al'adar take. Ƙamshi ya tashi. Can sai ga su suna saukowa daga gajimare kamar hayaƙi ya juya baya, suka jeru a bakin ƙwarya, ƙahoninsu suna kaɗawa, suka sa baki. A nan ne kaɗai a duniya ake tuna Hakama ba a matsayin matar da ta kawo ciwo ba. Na san wannan, na kuma san kwalbata tana cikin aljihu.

Inna ta yunƙura ta tashi. Ba ta dube ni ba. "Ɗan nan, na manta ludayi a ɗaki," ta ce. "Ni tsohuwa ce, ina da nawa. Kada ka ga na daɗe."

Na bi bayanta da kallo har ta shige. Na zaɓi ɗaya wanda ya ƙoshi ya yi lamo, ƙahoninsa duka biyu lafiya, na kifa masa kwalba a hankali. Ana cewa ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Wannan ba kwaɗayi ya kawo shi ba, kiransa aka yi da sunan matata. Na busa masa hayaƙin taba, ya miƙe ƙafafu. Na soke shi a kan totuwa kusa da macen, na rufe ƙaramin akwatina. Na so hannuna ya yi rawa, wallahi na so. Bai yi ba.

Inna ta dawo ba ludayi a hannunta. Ta dubi kwalbar, ta dubi akwatin, ta ɗaga murya ta kira mutane.

Ba wanda ya buge ni, ba wanda ya zage ni. Suka raka ni gaɓa shiru, na shiga jirgin Jatau. Inna ta tsaya a gaban jama'a, ruwa yana taɓa yatsun ƙafarta.

"Ku shaida," ta ce. "Wannan mutum ya ci amanar ƙwaryar..."

Ta tsaya. Wani dattijo ya ce a hankali, "Faɗi, Tabawa. Sai an faɗa."

"Ƙwaryar Hakama," ta ce. Ta fitar da sunan kamar mai sauke tukunya mai zafi ba tsumma. "Hakama 'yata. Ƙafarsa ba ta sake taka ƙasar nan, bakinmu ba ya sake yi masa magana."

Wannan shi ne karo na farko da ta kira sunan tun da ta haife ta, kuma don ta kore ni ta kira shi. Matan da ke bayanta suka fashe da kuka. Jatau ma yana tuƙi yana share hanci da baƙin hannunsa. Ni na ji sunan kamar daga ƙasan rijiya aka faɗe shi. Na buɗe akwati na duba ƙahoni, suna nan.

Muka sulale ta ƙarƙashin saƙar gizo-gizo iska tana kwance. Duk tsawon tekun akwatin yana ƙirjina, ina tare masa girgiza da jikina. Da muka iso gaɓar Shirwa mun tarar ana loda wa jiragen sarki busasshiyar kaba da tulunan mai.

Barmo ya tara dattawan Gidan Suna. Aka ajiye tsando a hagu, nawa a dama, kowane tsoho ya zo ya sa ido a madubi. Suka duba fiffike, suka duba baki, suka duba ƙahoni. Ɗaya ya ce a ƙirga ƙafafu, aka ƙirga, shida shida. Wani ya ce ko mannawa aka yi, aka ba shi tsinke ya taɓa, ƙahon bai faɗi ba. Barmo ne ya duba a ƙarshe, ya daɗe sosai, sannan ya ɗago.

"Kama da wane ba ta wane," ya ce. "A raba akwati."

Aka kawo sabon akwati mai ƙamshin katako, aka ciro tsohon ƙudan nan mai karyayyen kai daga cikin tsando aka mai da shi wurin 'yan'uwansa. Barmo ya ce, "Wanda ya kawo shi ke raɗa suna, sunan kuma ba ya canzuwa har abada. Cindo, muna jinka."

"Ƙudan Gumai," na ce.

Ya matso kusa da kunnena. "Ba za ka sa sunanta ba? Al'ada ta ba ka dama."

"Ranka ya daɗe, mahaifiyarta ta riƙe sunan nan a baki shekara da shekaru ba ta faɗa ba. Ba zan miƙa wa 'yan kasuwa su yi ta kira ba."

Aka kai wa sarki, aka sauke kabar daga jirage. Waɗanda suka ce matar Cindo ce ta kawo ciwo suka koma cewa su dama ba su taɓa yarda ba. Ciwon a bakin koginmu ta same shi, inda take zuwa wanki. Aka yi mini barka, na amsa, na koma gida na ci totuwata.

Saura a gaya wa mutanen Gumai, kada su yi ta zama da kaya a ɗaure. Jatau ya ce zai je shi kaɗai, na ce zan bi shi. Muka tsai da jirgi inda ruwa ke kai wa ƙugu. Mutane suka fito gaɓa, na miƙe tsaye na ɗaga murya.

"Inna! An raba akwati! Ba za a kawo wuta ba!"

Ba wanda ya amsa. Na ga maza suna ɗaga hannu sama, na ga mata suna rungume juna, amma ba fuskar da ta juyo gare ni. Inna ta shige cikin saiwoyi. Jatau ya ce mu tafi, saƙo ya isa. Yana juya jirgi sai ga ta ta fito da akushi a ka, ta shiga ruwa da zanenta, shuni yana rina ta, har ta iso gefen jirgi. Ba ta dube ni ba, ko da wutsiyar ido.

"Jatau," ta ce.

"Na'am, Inna."

"Ka gaya wa wanda ke cikin jirginka ya rame. Ka ce masa ya riƙa cin abinci."

Ta miƙa masa akushin, ta juya. Jatau ya ajiye a gabana, ya kama tuƙi, karo na farko da na ga bakinsa a rufe. Na buɗe. Kifi ne da gwaza, irin wanda ta ba ni ranar da na zo. Na sa hannu na kai loma don an ajiye a gabana.

Gishiri ya yi yawa.

Na tsaya da lomar a baki. Na sake kai wata. Gishiri ne, ya yi yawa ƙwarai, hannu ɗaya ne da wanda na sani. Ban san sa'ad da na ce, "Yau ma tekun garinku..." ba, ban kuwa iya ƙarasawa ba. Kun san yadda ƙafar da ta sage take yi idan jini ya dawo mata. Zafi ne, zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Na kifa kaina a bakin akushi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka rufe ta, na yi har muka wuce Mashigin Gizo, Jatau bai ce mini in yi haƙuri ba.

Nan hikayata ta sauke kayanta, wanda ya ji ya ji, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da nake jira a bakin teku kuwa jirgin Jatau ne. Duk ƙarshen damina yakan kai ni inda ruwa ke kai wa ƙugu, tsohuwa ta fito ta yi magana da Jatau, akushi ya shigo jirgi. Har yau gishirin yana yawa, ban kuma taɓa aika mata a rage ba.